Alhaji, Jita Ba Fenti Ba Ce

Jama'ar Nima da Mamobi, ku gyara zama, yau da ku nake. Tun kafin in buɗe baki na ga wasu sun taɓe nasu. Don kawai an ji yaron unguwa ya kai jitarsa an farke cikinta an sauya mata kayan lantarki, shi ke nan majalisar ataya ta sami abin yi: "Jita ai jita ce, katako ne da tsirkiya shida. Kuɗi ne ya yi wa yaron nan yawa."

Alhaji, kai da ka faɗi haka, ba kai ne ranar bikin 'yarka ka hana mai hayar sifika zama ba, sai da ya kunna ka ji da kunnenka kafin ka ciro sidi ɗaya? Ashe ka san sauti suna ya tara. To matso kusa in nuna maka.

Cire wa jitar lantarki igiyarta ka kaɗa, sauro ma ya fi ta murya. Muryarta tana ƙarƙashin tsirkiya, a wani ɗan abu da makaɗa ke kira fikof: maganaɗisu ne aka naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi, naɗi wajen 8,000 a irin wanda ke kan Fender Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa, sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, ta bi igiya zuwa amfilifaya. Idan abin ya yi maka kama da aikin mai naɗin kwayil ɗin fanka na bakin titin Nima, ka gane karatu, domin gidansu ɗaya. Kai kuwa ka sha kai fanka a sake mata naɗi, ba wanda ya ce kuɗi ya yi maka yawa.

Na ji Kawu daga can baya yana cewa wannan gurnanin da jitar yaron ke yi, aljanu ne. Kawu, aljanin naka yana da lamba. Wutar Gana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya kuma ba ya zaɓe, duk abin da ya ji sai ya kwaso. Ga cajar waya, ga dogon ƙwan lantarki, ga janareto in dumso, wato ɗaukewar wuta, ya kawo ziyara. Wani injiniya mai suna Seth Lover ya yi wa kamfanin Gibson maganin wannan tun 1955: naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya ya saɓa wa ɗaya, gurnanin ya kashe kansa, sautin tsirkiya kuma ya ƙaru. Shi ake kira hambaka, ya hau jitocin Gibson a 1957. Ba hayaƙi, ba tofi.

Yanzu ga Hajiya da lissafi. Ta ce me ya sa ba za a sayi sabuwa a huta ba? Hajiya, yawancin jitocin da ke hannun yaranmu na hannu ne, sun sha jirgin ruwa kafin su sauka Tema. Sau da yawa wuyan lafiya lau, katakon garau, cikin ne ya mutu. Iskar teku ta Akara tana cin ƙarfe da tsatsa, hunturu ya zo ya cusa ƙura a cikin abin murɗa ƙara, kana taɓawa yana ƙarar-ƙarar. Ramin da ake soka igiya ya saki, yaro na tsakiyar kiɗa sauti ya ɗauke. Duk wannan aikin dalma ne da 'yan kayan da ake nema a Zongo Lane. Abin murɗa ƙara mai lamba 250k shi ake sa wa mai naɗi ɗaya, mai 500k kuma na hambaka. A shimfiɗa fallen tagulla a ramin cikin jitar don ya tare hayaniya, a tabbatar wayar at, wato ta ƙasa, ta kama gadar da tsirkiya ke hawa. Mai gyara ya ɗora mita a kan fikof: in ta nuna wajen 6k a mai naɗi ɗaya, da ransa, a bar shi, in ta yi shiru, waya ta tsinke a ciki. Ki haɗa wannan da kuɗin sabuwa, Hajiya, ki ga wanda ya fi iya kasuwa tsakaninki da yaron.

Kuma don Allah, ku masu karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya don ya shiga soket, ku bari. Tsirkiya tana hannun yaro, makirufo yana bakinsa. Ranar da wuta ta sumbace shi a leɓe, kada a ce maƙiya ne.

Malam ya gyara murya ya ce kiɗan jita ba namu ba ne. Malam, a ƙasar nan tun 1928 Kumasi Trio suka je Landan aka naɗi waƙar Yaa Amponsah da jita. E.K. Nyame ya zo, Koo Nimo ya zo, Ebo Taylor ya kai jitar hailaif duniya. A Nijar ga Bombino ɗan Agadas, ga Mdou Moctar wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Mu kuma da muka gaji gurmi da garaya, muka ga Ɗan Maraya Jos ya cika fili da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, yaushe gyaran abin kiɗa ya zama mana baƙo? Wane makaɗi ne bai taɓa ɗame fata ko sauya tsirkiya ba?

Saura kai, ɗan samari, da kake ta murmushi kana zaton na zo tare maka faɗa. Na san ka hardace sunayen fikof irin su Seymour Duncan da DiMarzio da EMG mai batirin bolt 9, kana jiran yayanka na Jamus ko Amurka ya aiko. Tsaya. Ka taɓa ɗaukar sukundireba ka ɗaga fikof ɗin da kake da shi, ko ka sauke shi kaɗan? Kyauta ne, kuma sauti yana sauyawa. In ka matso da shi da yawa, maganaɗisun ya riƙe tsirkiya ya hana ta rawa. Sannan in hailaif kake so, mai tsabta da kaifi, me ya haɗa ka da hambaka mai zafin da aka yi don 'yan rok? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga kuma abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba: fikof mai kyau ba ya rufa asiri. Na dā yana binne kuskurenka a cikin gurnani, sabon zai kwashe shi tas ya kai har unguwar Kawukudi. Saboda haka ka fara da gyaran dalma, ka bi da yatsunka, fikof ya zo a ƙarshe.

Alhaji kuwa, in har yanzu jita jita ce, to suna na gaba a gidanka mu za mu zaɓo wadda za a kaɗa, kuma kujerarka tana gaban sifika.