Takardar koke zuwa ga Alhaji Firiji, mazaunin motar gida

Firijin motar gida, wanda wannan takarda ta nufa, yana cikin manyan masu cin wuta a motocin nan da Turawa da Amurkawa ke sa wa gado da murhu su tafi yawon hutu. Masu motocin suna so Alhaji ya san an lissafa abin da yake ci, kuma lissafin bai yi musu daɗi ba.

Zuriyarsa ɗaki biyu ce. Babban wa shi ne wanda Baltzar von Platen da Carl Munters suka ƙirƙiro a 1922, suna ɗalibai a Stockholm ta ƙasar Suwidin, kamfanin Electrolux ya karɓi sana'ar a 1925. Babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ana ɗumama amoniya da ruwa, amoniyar ta tashi, ta huce ta zama ruwa, sannan ta sake ƙafewa cikin iskar haidirojin, ta kwashe zafin da ke cikin akwatin. Da wuta yake yin sanyi ke nan. Wanda ya taɓa ganin firijin kananzir a tsohon asibitin ƙauye ya ga ɗan uwansa na jini.

Baki uku gare shi. A zangon matafiya yana shan wutar gari, volt 230 a Turai, 120 a Amurka, babu mai ƙorafi. A daji yana cin gas, gram ɗari biyu zuwa huɗu a yini, shiru kamar ba ya nan, sai dai dole a kashe masa wutar a gidan mai, a kuma rufe tukunyar gas ɗin a jirgin fito. Gas na butane yana ƙin fitowa idan sanyi ya kai na ƙanƙara, na propane kuwa sai an gangara digiri 42 ƙasa da sifili.

Baki na uku shi ne tushen koken. A kan volt 12 Alhaji yana zuƙar wajen amp 10 ba hutawa. Batirin dalma mai amp-awa 100 rabinsa kawai ake taɓawa in ana son ya yi ƙarko, don haka cikin awa biyar an share tukunya. Shi ya sa ake haɗa shi yadda ba zai ga wannan wutar ba sai injin mota yana aiki, kamar baƙon da ake ɓoye wa rumbu.

Ga kuma mulki. Ba ya zama a karkace: in gangara ta wuce kamar digiri 3, ruwan cikinsa ya kwanta inda bai kamata ba, bututu ya toshe, wata toshewar ma ba ta da magani. Saboda haka mutumin da ya sayi mota don ya kwana inda ya ga dama sai a gan shi da magariba yana cusa katako ƙarƙashin taya. Zafin gari kuma in ya haura digiri 32, man shanu ya fara narkewa Alhaji na kallo.

Ƙanen, mai kwamfuresa irin na Danfoss da yanzu ake kira Secop, ya fi kunya. Amp 4 ko 5 yake ja, ya huta, ya sake tashi, a yini ya tsaya wajen amp-awa 30 zuwa 40, kuma gangara ba ta dame shi ba. Amma gas ba cimarsa ba ce, sai an yi masa batiri na biyu, in da hali na litiyam wanda ake iya shanye kashi 80 nasa, da farantin sola na watt 100 zuwa 200 a kan rufi. Idan wayar ta yi siriri ko ta yi tsawo, wutar ta raunana a hanya, sai ya shiga yajin aiki alhali batiri na cike.

Masu koke sun ɗauki nasu alkawari: za su sanyaya shi da wutar gida tun daren tafiya, ba za su ba shi abinci da zafi ba, za su hana yara buɗe ƙofa barkatai, ba za su toshe masa tagogin shan iska ba. Abu guda suke roƙo ya yanke. Shi inuwa yake so, farantin da ke ciyar da ƙanensa rana yake so, mota kuwa ɗaya ce. Ana jiran Alhaji ya faɗi inda za a ajiye ta.