Ranar da Gwaggo ta shiga tsere

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar nan yana da labarin Fijo 504. Ko dai ita ta kai shi makarantar kwana, ko ita ta ɗauko masa amarya, ko kuwa ya taɓa tura ta da asuba yana haki. Faransawa suka fito da ita a 1968, shekara na zagayowa aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Daga 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, har ta zama motar gwamna da alƙali da ɗan sanda da direban tasha. A 1975 ɗin ma ita ta cinye tseren Safari na Kenya, wanda ake yi cikin taɓo da ƙura, ta kuma maimaita a 1978. Wannan tarihi na haddace shi tsaf, kuma shi ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Tamu ƙirar 1983 ce, fara, mai giya huɗu. Marigayi mahaifinmu ya saye ta da bashin motar ma'aikata tun Jega tana cikin Jihar Sakkwato, shekara takwas kafin a ƙirƙiro Kebbi. Gwaggo muke ce mata a gida, don ba ta tashi sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai unguwa ta sani. Ranar rabon gado da aka zo kanta kowa ya duƙar da kai yana jan carbi, ta faɗo hannuna.

Ana cikin hunturu sai ga Auta, ɗan yayata, wanda ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Wai samari masu sha'awar wasan mota sun gaji da korar da ake musu a kan titi, sun nemi izinin mai gari da na mai fili, za su gwada gudu a wani fako bayan Maiyama tunda an gama girbi. Mota ɗai-ɗai za ta shiga, ta zagaya sau uku, a duba lokaci a waya.

"Kawu, aron Gwaggo nika so. Abokaina duk Golf gare su."

Yaron nan bai daɗe da karɓar lasisi ba, kuma iyakar tuƙinsa daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a. Wani kawun da korarsa zai yi. Ni kuwa na gyara zama na karanta masa Safari tun daga 1975, na tuna masa cewa mu mutanen Kabi ba baƙin abin ba ne, ko a 2020 da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu sai da aka yi gangamin motoci tun daga Abuja. Na ce ba aro kaɗai ba, ya samu kociya.

Da maganar ta kai kunnen Yaya, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta dube ni ta ce, "To, tunda kun yanke, ku biya Aliero ku gaida masu ɗori, su ga fuskar yaron tun yana da lafiya. In kuwa ya karye, kai ma ka nemi wuri kusa da shi." Kowa ya san Aliero da abu biyu, albasa da ɗorin ƙashi, har daga wasu jihohi ake kawo musu karaya. Don a zauna lafiya muka je muka gaida wani dattijo a cikinsu. Na gabatar da Auta, na ce zumunci ne kawai, ba za mu dawo ba. Dattijon ya dubi ƙafafun yaron, ya ce Allah ya tsare.

Daga nan sai gareji. Bakanikenmu na Jega tsoho ne da ya koyi aiki a kan Fijo, ya san Gwaggo tun tana da fenti. Ya zagaya ta yana sakace, ya ce, "Malam, tsere da wa? In da jaki ne, a ba ta rata." Da ya ga ba na dariya sai ya ce to, gudu ba shi ne magana ba, tsayawa ita ce magana. Abu uku za a duba: birki, taya, ruwa.

Ya yi mana bayani cewa man birki yana shan danshi a hankali. In ya tsufa, aka yi ta taka birki har ya ɗau zafi, ruwan da ke ciki sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa mota na ci gaba da harkarta. Ya shige ƙarƙashi da sifana da tsohuwar kwalba, ya sa Auta a kujerar direba. "Taka! Taka! Riƙe! Saki!" Abin da ya riƙa ɗiga cikin kwalbar baƙi ne wuluk, ba wanda ya tuna shekarar da aka zuba shi. Haka aka bi ƙafa huɗun har sabon mai ya fito garau.

Sai taya. Ya nuna mana lamba huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Ta gaba ta dama 1409, wato mako na 14 na 2009. Da aka zo kan safaya sai aka ga lamba uku kacal, tsarin da aka daina tun shekarar 2000. Bakanike ya ce wa Auta, "Gaida ta, ta girme ka." Na sayi 'yan Kwatano guda biyu, aljihu ya ce ya isa.

A kan ruwa muka saɓa. Lagireto na tsiyaya kaɗan-kaɗan, shi ya ce a cire a kai a like, ni kuma kuɗin likin sun tafi wurin taya. Wani tsohon direba a tasha ya ba ni sirri kyauta: a zuba garin barkono cokali uku, zai bi ruwa ya toshe ramin. Bakanike ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku shaida, ba ni ciki." Na zuba biyar don a samu tabbaci. Tsiyaya kuwa ta tsaya, wannan kowa ya gani.

Aka kwashe duk tarkacen cikin mota, don ko kwalbar ruwa ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta kashe mutum. An fito da buta biyu, dardumar salla, kaset-kaset na wa'azi da na waƙar 'yan dambe, da wata Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta koma ruwan ƙasa. Makullin but ya mutu tun zamanin Abacha, da igiyar guga ake ɗaure shi. Wannan ba ya cikin abu ukun da aka lissafa, saboda haka ba a taɓa shi ba.

Horo kuma da yamma muke yi a bayan gari. Ni dai ban taɓa wuce saba'in ba a rayuwata, amma na kalli bidiyo da yawa, kuma ni malamin makaranta ne, koyar da abin da ban taɓa yi ba ba sabon abu ba ne a wurina. Doka uku na kafa masa. Hannu biyu a kan sitiyari, ɗaya dama ɗaya hagu. Birki kafin kwana, tun mota na miƙe, a shiga a hankali a fita da ƙarfi. Ta uku ita ce babba: inda ido ya kalla nan mota take zuwa, don haka ka kalli hanyar da kake so, kada ka kalli abin da kake tsoro. Auta ya haddace su har yana rerawa. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya canza giya sai ya sunkuya ya dube ta.

A wurin horon muka lura bayan Gwaggo na rawa a kan yashi. Ƙafafun baya ke tura Fijo, in ba nauyi a kansu sai su yi ta shure-shure. Direban nan na tasha ya ce a ɗora kaya. Ranar tsere da sassafe muka koma Aliero, inda manyan motoci ke lodin albasa zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta, kuma lokacin tana tsada. Wani dillali da muka yi firamare tare ya ba ni buhu biyu bisa sharaɗin in dawo da su da la'asar yadda na ɗauke su. Hular kwano kuwa wurin wani ɗan kabu-kabu muka aro. Sabuwa ce fil, bai taɓa sa ta ba, sai dai an ɗan jira matarsa ta kwashe ƙwan da kaza ta saka a ciki.

Muka ratso Jega muka kama hanyar Koko da Yawuri, tireloli na wuce mu suna mana oda. Bayan Maiyama muka gangara fakon. An jera tsofaffin tayoyi da jarkoki an fitar da da'ira, gefe guda ga suri, can nesa ga wani jaki a ɗaure. Samari da Golf da Corolla suna ta taka totur. Da suka hango mu sai shewa ta tashi. Amma dattawan da ke zaune a inuwa suka miƙe, ɗaya ya shafa ƙofar ya ce, "Wagga ita ce mota, sauran gwangwani ne." Na sa a ba shi goro.

Da layi ya zo kanmu na shiga gaba a matsayin kociya. Aka kaɗa hula. Auta ya yi bisimilla, ya saki kulochi gaba ɗaya, Gwaggo ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Batir ya ce shi ma ya gaji. Abokan hamayyarmu su suka zo suka tura mu, suna tura suna dariya, har ta yi tari ta kama.

Zagayen farko, wallahi, abin alfahari ne. Yaron ya taka birki kafin kwana, ya fita da ƙarfi, albasa ta danne baya, Gwaggo ta kwanta a hanya tana gurnani. Na ji dattawa na kabbara. A zagaye na biyu ya samu giya ta uku ba tare da ya sunkuya ba, na ce masa, "Ɗana, ba ta wuta!" Ya ba ta. Ashe a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar akwai tsohuwar kunyar gero da motocin farko suka tone. Muka hau ta da gudu. Kaina ya gaisa da rufi, mariƙin saman ƙofa ya biyo hannuna, igiyar guga ta ce ta sauke amana.

But ya wage. Buhu na farko ya faɗo ya fashe, na biyu ya tsaya a baki yana rabon albasa ɗaya bayan ɗaya. Yara da awaki suka shigo fili a tare. Auta ya duba madubi bai ga komai ba sai farin murfi.

"Kawu, mi ya faru?"

"Kalli gabanka! Kada ka kalli surin nan!"

Da jin haka ya kalli surin. Ni kuma ina ta taka birki a ɓangarena, inda ba a taɓa sa birki ba tun daga Kaduna. Allah ya sa nasa ya taka, sabon mai ya yi aikinsa, tayoyin Kwatano suka kama ƙasa. Gwaggo ta je a hankali ta ɗora hancinta a kan suri. A nan tiyon lagireto ya fice.

Tururin da ya tashi ba irin wanda aka saba ba ne. Iskar hunturu ta kwashe shi ta kai wa 'yan kallo. Fili ya ɗauki atishawa da tari, dattawa na hawaye, jaki na kuka, mai duba lokaci ya jefar da waya ya rufe fuska da hula. Wani tsoho ya matso yana share ido, ya leƙa injin, ya dubi ƙasa, ya ce, "Malam, ga albasa, ga barkono, ruwa ya tafasa. Daddawa kaɗai ta rage."

Auta ya fito ko ƙwarzane babu. Ni ma lafiya lau na buɗe ƙofa, na gyara babbar riga, na ɗaga hannu don in yi wa jama'a bayanin abin da ya faru a ilmance. Taku na biyu na ɗora ƙafa a kan albasa.

A bayan Golf ɗin wanda ya zo na ɗaya aka kai ni Aliero. Dattijon nan ya dube ni, ya dubi Auta da ke tsaye da ƙafafunsa, ya ce, "Malam, kai ne? Yaron muka yi tsammani." Ya ɗora ƙafata a cinyarsa, yana lalubar idon sawun da babban yatsa, yana tambayata nawa buhun albasa yau a kasuwa. Na buɗe baki zan ba shi amsa ya ja. Ɗaliban jami'a sun ce sun ji. Da Yaya ta iso ta tabbatar ɗanta lafiya, ta aje mini kwanon fura ta ce, "Kociya, sannu da aiki."

Har gobe ina kan bakana: Gwaggo ba ta faɗi tsere ba, tunda ba a rubuta mata lokaci ba. Kuma duk abin da bakanike ya taɓa ya yi aiki, birkin nan shi ya raba mu da kwanan asibiti. Samarin su ma sun yi abin kirki da suka kai wasansu fako. Da a kan titin Jega zuwa Koko aka yi wannan, tirela ce za ta tsayar da mu, ba suri ba. Da hukuma za ta ware wa irinsu fili, da mai duba mota kafin ta shiga, da an rage zaman makoki.

In naka ɗan ya zo aron tsohuwar mota, ka kai ta gareji, ka biya kuɗin likin lagireto, ka gyara makullin but, sannan ka zauna a inuwa tare da dattawa. Jama'ar Maiyama kuma da suka tsinci albasa ran nan, don Allah a ji tsoron Allah. Buhu biyu ne, ba nawa ba ne, kuma dillalin yana zuwa gidana duk ranar albashi.