Ɗan Goggo Ya Zama Ciyaman

Ranka ya daɗe, Ciyaman! Ka ga da gaisuwar manya na fara, kada ka ce mutanen Gwarzo ba su iya ladabi ba. Labari ya iso mana cewa kai ne shugaban kwamitin taron zumuncin zuri'armu. Na tambaya wa ya zaɓe ka, aka ce ai ba a yi zaɓe ba. Kai ka buɗe zauren WhatsApp, kai ka rubuta sunanka a sama, kai kuma ka fara turo "Allah ya taya riƙo" kafin kowa ya farka daga barci. 'Yan siyasa su zo Kabo su ɗauki darasi.

Amma ban ga laifinka ba, taubashi. Yankin namu ne Allah ya yi shi na mataimaka. Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2011, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A zaɓen 2023 Aminu Abdussalam Gwarzo ya hau wannan kujera tare da Abba Kabir Yusuf, wanda suka yi takararta da shi kuma, Murtala Sule Garo, naku ne na Kabo. A shekarar dai Sanata Barau Jibrin, shi ma naku, ya zama mataimakin shugaban Majalisar Dattawa. Da ka duba gabas da yamma ka ga kowa mataimaki, sai ka rantse sai an samu shugaba sukutum a ƙasar nan, ko da na kwamitin dafa shinkafa ne. To an samu. Barka.

Sai batun wuri. Wai a Kabo za a yi. Kabo! Hujjarka ita ce 'yan'uwan da za su taso daga birni, in sun wuce Janguza suka bar Rimin Gado, Kabo ta fi musu kusa, sai a rage shan mai. Yaushe ka fara tausayin man motar mutane? Kai da in ka rage wa mutum hanya sai ka shiga gidan mai, ka hau lalube aljihu kana leƙensa ta madubi? Faɗi gaskiya, so kake ka fito daga ɗakinka da babbar riga a goge, ba ta yamutse a mota ba.

Bari in tuna maka abin da ka sani. Gidan da aka haifi kakanmu a Gwarzo yake. Zauren na nan, rijiyar na nan, durumin ƙofar gida na nan. Daga gidan aka ɗauki Goggo amarya aka kai ta Kabo tana ta kuka, kuma sai da na girma na san ka sannan na gane abin da ta hango. Kai ɗan mace ne, Malam. Gidan kawunnanka za ka zo, ka tuɓe takalmi a zaure, ka durƙusa ka gaida Kawu, in an ba ka tabarma ka zauna. Ko a Abuja sun san tsarin: kujera ɗaya muke rabawa a Majalisar Wakilai, sunanta Gwarzo/Kabo, ka duba da kyau ka ga wa aka fara ambata. Na san amsarka, za ka ce kuna da dam ɗin Guzuguzu, kuna da kifi, an kuma kawo muku babbar makarantar tarayya. Madalla. Ka taho da kifin.

Ranar ma da wayo irin naku ka tsayar da ita: kwana uku bayan Babbar Sallah, don naman layya ya rufa maka asiri, kowa ya zo da soyayyensa a leda, kwamiti ya ce ya ciyar da jama'a. Ɗan Goggo, ka taɓa riƙe fartanya kuwa? A 'yan shekarun nan Babbar Sallah a bakin damina take faɗowa. Ta 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi ta, ta 2025 kuma 6 ga Yuni. A irin wannan lokaci manomin Kutama ko Lakwaya ko Gude idonsa na kan hadari. In ruwa ya sauka da dare, asuba a gona za ta same shi da iri a ƙwarya, ko hakimi ne ya aiko sai ya ce a yi masa uzuri. Alhazanmu kuwa suna Makka, su ne kuma masu aljihun da kake hari. Ƙaramar Sallah ma ba ta fi ba, don in ana hawa samari ba sa zama, Kano suke tafiya kallon Hawan Daushe da na Nassarawa, balle yanzu da UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun da duniya ke adanawa a ƙarshen 2024. A 2019 an mai da mu ƙarƙashin masarautar Ƙaraye, a 2024 aka dawo da mu masarautar Kano, kai duk ba ka san an yi ba, tunda ko jaki ba ka taɓa hawa ba tare da an riƙe maka ba.

Kakanninmu ba su yi boko ba, amma sun san lokacin taro. Kaka. An yanke dawa, an cire gyaɗa, an sussuke wake, rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, yara sun samu hutun Disamba, sanyi ya sauko yadda tuwo zai wuni bai lalace ba. Abin lura ɗaya ne, lokacin kowa ke aurar da 'ya, don haka sai ka zauna da mata su lissafa maka bukukuwan dangi kafin ka tsayar da Asabar ɗinka.

Mu zo kan kasafin kuɗi, inda na fi jin daɗinka. Katin gayyata mai ruwan zinare. Wa za ka kai wa? Bikin farar kaza ai balbela ba ta jiran gayya. Fosta biyu, ɗaya a bakin titi. Kalanda, hotonka a tsakiya, ya fi na kakanmu girma, har da biro a hannu wai kana sa hannu a takarda. Anko daga Kantin Kwari, shadda ga maza, atamfa ga mata. Babban teburi na manyan baƙi, a taron da kowa ya san ranar da aka yaye kowa. Mai gabatarwa na haya, alhali muna da Baffan nan namu da in ya karɓi lasifika sai an kashe janareto yake ajiyewa. Har da mai sa kiɗan zamani, wanda dattawan gida za su kora tun kafin labari ya kai wa Hisbah. Mata suna da kiɗan ƙwaryarsu, 'yan mata suna da gaɗarsu, ba su roƙe ka komai ba.

Abinci fa? Yana can layin ƙarshe, ka rubuta: "Mata za su duba."

Mata za su duba! Ka san abin da ke cikin wannan ɗan layin? Jiƙa shinkafar waina tun jajibere, kai niƙa, kwaɓi, tashi kafin assalatu a hura murhu. Aron tukwanen biki gida-gida, da tuna wa aka ari wacce. Feraye kabewa da gyaran alayyafo na miyar taushe. Tuƙin tuwon jama'a da ƙatuwar muciya, hayaƙi na shiga ido, goyo na kuka a baya. Daka fura, tace zoɓo, ƙulla kunun aya, cika kuloli, raba wa zaure, raba wa cikin gida, ware na tsofaffi marasa haƙori, ware na almajiran da za su cika ƙofar gida ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. Sannan wanke-wanke har bayan isha, lokacin kai kana kwance kana tura hotuna kana rubuta "Alhamdu lillahi, mun yi nasara." Kwamitin naka kuwa na duba shi daga sama har ƙasa, akwai sakatare, akwai mataimakin sakatare, akwai jami'in hulɗa da jama'a, babu mace ko ɗaya. Ka kira Inna da Yaya Babba da matan gida, ka damƙa musu kuɗin cefane a hannu, ka koma gefe ka yi shiru. Su suka san mudu nawa ke ƙosar da mutum nawa. Su suka san wace kishiya ba a shimfiɗa mata tabarma kusa da wace.

Yanzu ɗan matso, wannan ba da dariya zan faɗa ba, ko da yake fuskarka ba ta barin mutum ya daure. Karo-karon da ka yanka kuɗi ɗaya ne a kan kowa, mai shago a Kwari da mai facin taya a tasha duk ɗaya. Kullum da safe kuma sai ka turo jerin waɗanda ba su biya ba, zaure ya kaure kamar tashar mota ranar jajiberen Sallah. Ka lura da masu ficewa shiru? Akwai wadda ke riƙe da marayu a Getso. Akwai wanda ke ci-rani a Legas, wanda tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin motar zuwa da komawa kaɗai ya isa ya zaunar da shi. Sun ga sunansu ana yawo da shi, sun ga kuɗin anko a kai, sun ja jiki. Su ne fa aka fi buƙatar gani a wurin. Masu hali kullum suna haɗuwa a ɗaurin aure da filin jirgi. Ka goge jerin nan, ka bar kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa. Mai tiyar masara ya kawo, mai ɗaurin itace ya kawo, wanda ba shi da komai sai ƙarfi ya zo ya kafa rumfa ya jera kujeru. Anko wanda ya so ya yi, wanda ya fi so ya saya wa wani. Kuɗin kalanda kuma a ɗauki hayar bas ta zagaya ƙauyuka ta kwaso tsofaffi, tunda Goggo da kanta take cewa zumunci a ƙafa yake, ƙafafun nasu kuwa sun gaji. Hotonka ba zai ɓata ba, akwai shi a wayar kowa, ka tabbatar da haka.

Manyanmu na Abuja kuma, sa nawa suka yi maka alkawari a waya? Ni a lissafina garke guda ne. Sai ka ji igiya a tafin hannunka sannan ka sa shi a kasafi. Kafin nan ka tura mai ido kasuwar Getso ya tayo mana wanda aljihu zai ɗauka. Kada ka je da kanka, da ganin rigar nan za a ninka kuɗin.

Na ga salsalar da ka zana. Bishiya ce mai kyau, sai dai ban taɓa ganin inda reshen reshe ya koma gindi ba sai a taka. Ka ɗauki wayar nan da ba ta san aikin komai ba sai ɗaukar fuskarka, ka je ka zauna gaban Hajiya Babba ka kunna ɗaukar murya. Ita ta san wanda ya tafi fataucin goro Gwanja ya dawo da mata, da wanda ya kama hanyar Hajji a ƙafa ya tsaya a Sudan, da dalilin da ya sa ɓangare guda na gidan ya koma wajen Shanono. In ka kai mata goro mai kyau za ta faɗa maka har abin da ba a rubutawa. Wannan sai ka kawo mini.

A ranar kuma ka buɗe kunne. Rabin dangi jar hula ne, rabi ko jan barkono ba sa son gani, saboda haka kada ka miƙa wa mai neman kujera lasifika ko da shi ya sayi san. In kuma ka ji wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "To, tunda Allah ya haɗa mu," gonar gado zai tayar. Maza ka ɗaga hannu a shigo da abinci.

Samari da 'yan mata kuwa ba sai ka sa su a ajanda ba, za su duba juna da kansu. Kai ma ai a irin wannan taro ka hango uwargida, bakinka ya mutu, ni na kai saƙo, tukuicin har yau shiru. Abin da za ka gaya wa iyaye shi ne, tun 2024 doka a Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ƙwayar jini saboda amosanin jini. Auren zumunci na da daɗi, amma a je asibiti kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Saura lissafinmu ni da kai. Cika-ciki nawa ya wuce ban ga kuɗin sharata ba? Kowace shekara sai ka ce ai ni ne bawanka, ni zan biya. Za mu kai maganar gaban Hajiya Babba a bainar jama'a, ka zo da canji. Sannan na ji kana neman wanda zai riƙe kuɗin taro. Ba na so, na san a hannun wa za su fara kwana. Kwamitin nama nake so, ni kaɗai, ba mataimaki. In kana da ja, ka rubuto amsa mako mai zuwa, amma ka ba yaran makarantar nan taku su duba maka rubutun tukuna.