Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma VS Code

Zuwa ga Mai Girma VS Code, ɗan gidan Microsoft,

Masu wannan takarda, wato talakawan da kwamfutarsu ba ta wuce RAM gigabait 4 ba, sun kawo kuka. Ba sa ja da sarautarsa. Tun fitowarsa a 2015 ya mamaye fagen rubuta manhaja, har binciken Stack Overflow na 2023 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka amsa da shi suke aiki. Kukansu a kan ci ne.

A gayyaci Mai Girma gyaran layi goma, sai ya iso da ayari. A kan Electron aka gina shi, saboda haka duk inda ya sa ƙafa yana goye da burauzar Chromium sukutum, ga Node.js riƙe da jaka. Kowane ƙari da aka liƙa masa, na Python ne ko na Java, da kwanonsa yake zuwa. Ba a buga harafi ba, fankar kwamfuta ta fara nishi.

Ya dubi dattawan unguwa. Vim, wanda marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ƙiftawa da bismilla ya buɗe. Notepad++ da Sublime Text, da aka ƙera da C++, ba su ɗauko burauza ba. Emacs kuwa an daɗe ana yi masa tsiyar haɗama don yana cin megabait 8, abin da yau bai isa Mai Girma kurkure baki ba.

Sai dai ba a ƙi faɗin alheri ba. A da, Mai Girma kan ware wa kowane layi ɗakinsa, har wani fayil mai megabait 35 da layi miliyan 13.7 ya lashe masa kusan megabait 600. A 2018 injiniyoyinsa suka sake tsari: ainihin rubutun ya zauna yadda yake, sabon da aka buga a tara shi gefe, wata bishiyar lissafi ta riƙa tuna wane yanki ke bin wane. Gyaran ya yi kyau, an kuma yaba. Ayarin ne dai bai ragu ba.

Masu koke suna tunatar da shi yayansa Atom, wanda dominsa aka ƙirƙiro Electron, aka kuma sallame shi a Disamban 2022. Wasu daga cikin maƙeransa sun koma sun gina Zed da Rust, ba burauza a goye.

Ba murabus ake nema ba. Wasu sun yi fushi sun koma Vim, har yau suna laluben ƙofar fita. Roƙon kawai Mai Girma ya rage hannu a akushi, ko shafi ɗaya na intanet ya samu wurin zama kusa da shi.

Masu biyayya,
Talakawan Gigabait 4