Man Agadem Baƙo Ne, Rana 'Yar Gida

Tun ranar da na yi maganar ɗumamar yanayi a wannan fili, ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta Zango ba. Kafin kofin farko ya kai bakina wani zai ce, "Ga malamin zafi nan ya iso." Wani dattijo ma har gida ya aiko jikansa da saƙo, wai a gaya mini Damagaram da zafinta aka haife ta, kuma tun zamanin Sarki Tanimu duwatsun Birni suke gasa ƙafar mara takalmi. Saƙo ya iso, Baba. Yau kuwa da ku zan yi, ku masu shakka, ɗaya bayan ɗaya.

Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce ni na ƙirƙiro bazara ba. Abin da na ce shi ne an ƙara mana bargo. Duk lokacin da aka ƙona fetur ko gas ko kwal, iskar kabon tana tashi sama ta tsaya, ta bar zafin rana ya shigo, ta hana wani sashensa komawa. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iska, kabon kamar 280 ne. Yau ya haura 420. Ka kwanta a ɗakin kwano cikin watan Afrilu, a lulluɓa maka bargon Sakkwato, sannan ka ce mini ai zafin na bara ne. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma a watan Afrilunta, ana tsakiyar azumi, ma'auni ya kai 48.5 a garin Kayes na Mali. Kai da kanka, Baba, tun yaushe ka daina kwana a ɗaki ka koma tsakar gida?

Sai mai kabu-kabu, ƙanena, wanda ya tsayar da ni a bakin kasuwar Dole yana dariya. "Yaya, kun ce fari, sai ga ruwa har ya ishe mu. Ku tsaya kan magana ɗaya mana!" To ƙane, matarka ta fi ka sanin wannan ilimi. Tambaye ta yaushe murfin tukunya ya fi zufa, za ta ce in wuta ta yi ƙarfi. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, in ta tashi saukewa kuma sai ta juye a dare ɗaya abin da a da take rabawa cikin makonni. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin Birni, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a gaban idonmu. A daminar nan ambaliya ta ci rayuka sama da 300 a faɗin Nijar. Na sani ginin ƙasa yana son yaɓe da kulawa, ban ɗora wa hayaƙi laifin duka ba. Amma ginin da ya ga damina fiye da 150 bai durƙusa ba sai a tamu, ai ruwa ba ya tsami banza.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne ɗalibin nan na Jami'ar André Salifou, mai jaka cike da takardu. Ya ce, "Kawu, Turawa sun ƙona nasu shekara ɗari biyu sun yi arziki. Mu da muka samu namu man jiya, shi ne za a ce mu rufe rijiya?" Ɗana, a nan ka kama ni, kuma ba zan yi gardama ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Ƙaiƙayi an ce kan masheƙiya yake komawa, amma wannan kanmu ya sauka, mu da ba mu yi sussuka ba. Ban ce a kashe matatar SORAZ ba. Ina nan a watan Nuwamban 2011 lokacin da aka buɗe ta a kan hanyar Tanut, ana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, kuma na yi murna kamar an yi mini haihuwa.

Sai dai ka buɗe jakar taka ka duba wasu shafukan. Kashi 60 na matatar na kamfanin CNPC ne na Sin, 40 ne namu. Bututun da ya kwashi mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, rigimar iyaka kaɗai ta isa ta sa shi tari. A watan Maris na 2025 kuma, mu masu matata a bayan gida, ina muka kwana? A layin gidan mai, muna leƙen masu ruwa-ruwa ko an samu kwalba guda. Shekara da shekaru muna cika baki da man Agadem, ashe rabin tankinmu man Najeriya ne mai tallafi da yake tsallako iyaka cikin jarka. Da aka cire tallafin a 2023, sai asiri ya tonu.

Ka kuma tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse mana wuta saboda takunkumin CEDEAO, ba a mayar ba sai Maris na 2024. To faɗa mini, wane taron shugabanni ne ya taɓa sa wa rana takunkumi? Wane jami'in duwan ne ya taɓa tsare ta a Magarya ya ce ta kawo takarda? Shi mai kuwa baƙo ne. Baƙo a karrama shi, a ci arzikinsa, amma ba a ba shi makullin rumbu, don wata rana zai yi sallama.

Na ji ki, Hajiya, ba sai kin ɗaga murya ba. Kin ce sola ta cajin waya ce kawai, kuma batirin da kika saya bai kai sallar layya ba. Gaskiyarki, kasuwa cike take da jabu. Amma in an sayar miki da atamfa mai zuba, saka zane kike dainawa? Kuma ki faɗi tsakaninki da Allah, tun da aka ɗora allon nan a kan rufi, sau nawa aka share masa ƙurar hunturu? A Malbaza akwai tashar sola mai megawat 7 tun 2018, a Gorou Banda kusa da Yamai akwai mai megawat 30 tun 2023. Jami'ar Yamai ma sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken makamashin rana tun ba a haifi masu yi mana wa'azin ba. Wannan ba kayan aro ba ne.

Saura Malam, wanda ya rufe zancen ranar nan da cewa zafi da ruwa duk ikon Allah ne. Allah gafarta Malam, ko kaffara ba zan yi ba, haka ne. Amma gonarka ta Mirya fa, wa ya hana yara sare gawon da ke cikinta? Bayan yunwar 1984, manoman Mirya da Magarya da Matameye suka koma sassaben zamani. In an zo sharar gona, ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi ya girma. Da wannan dabara, tsakanin Damagaram da Maraɗi, itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta wajen miliyan 5. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya ba dabba inuwa da abinci. Ana ma faɗa cewa a zamanin sarakunan Damagaram na da, mai sare gawo da wuyansa yake biya. Kabon ɗin da kuke cewa tatsuniya ce, itatuwan nan shi suke sha kullum rana ta fito, ba tare da an kira taro a Faris ba.

Wato dai, Malam, shekara talatin kana yaƙi da canjin yanayi da gatarin sassabe, bakinka ne kawai bai yarda ba. Kai ma Baba, fitilar da jikanka ya haska hanya da ita ya kawo mini saƙon nan, na duba ta da kyau. Mai cajin rana ce.

Gobe da la'asar ina fada, kuma sukari a kaina. Wanda har yanzu bai yarda zafi ya ƙaru ba, na tanadar masa kujera ta musamman a tsakiyar fili. Mu sauran za mu ja tabarma ƙarƙashin itace.