Fitila Mai Waƙa a Danko

Fitilun adon Kirsimeti sun sauka a Danko tare da hazon hunturu da 'yan garin da ke dawowa hutu daga Kaduna da Abuja da barikokin soja. Baƙuwar bana ita ce wata igiyar fitila mai waƙa da aka naɗe wa bishiyar mangwaro a wata unguwa. Tun daren Litinin ba ta rufe baki ba, ba ta kuma bar kowa ya rufe ido ba.

Asalin al'adar daga Amurka yake. Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, shi ya fara rataya wa bishiyar Kirsimeti ƙwayayen lantarki a gidansa da ke birnin Niyok a Disambar 1882. Ƙwai 80 ne, ja da fari da shuɗi, kuma a cikin ɗakinsa ya kafa abinsa. Bebaye ne duka, Allah ya saka masa. A yau akasarin kayan daga birnin Yiwu na ƙasar Sin suke fitowa, su iso Zuru a kwali, su bazu zuwa Ribah da Danko a bayan babur. Ɗan tiredar da ya sayar da rabin kwalin a Maulidi shi ke ƙarasa ragowar a Disamba, don fitila ba ta da ɗariƙa.

Ƙa'idar rataya ta ɗaya ce: ba a yi wa bayan gida ado. Bangon da ke kallon ƙofar maƙwabci shi ke shan igiya, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In maƙwabcin ya mayar da martani da igiya biyu, sai a hau kwano. Daga kwano sai tankin ruwa, sai akurkin kaji.

Ita mai waƙar, a wuyanta akwai ɗan akwati da bai wuce na ashana ba. A ciki akwai waƙa uku, murya ɗaya, irin ta sauro mai mura. Akwai maɓalli guda, wanda duk mai tunani zai ɗauka na kashewa ne. In an danna shi, waƙa yake canzawa. In an sake dannawa, ya ƙara mata sauri. Da yake wutar gari ba a ɗaura aure da ita, janareta ke riƙe da fitilar, kuma nan ne unguwa ta samu sabon ilimi: ƙarfin waƙar yana bin man da ke tanki. Da magariba tana rawar kai kamar amarya. Wajen sha biyun dare ta fara jan ƙafa. Ƙarfe biyu muryar ta koma ta tsohon bunsuru da aka ɗaure a rana, ta yi nishi, ta mutu. Jama'a su gyara kwanciya, su ja bargo, sai a ji ƙarar jarka.

Cikin kwana huɗu matan unguwar sun koma daka da amon waƙa ta biyu ba tare da sun sani ba. Wani jariri yana kuka da ta uku. Zakaran gidan mai fitilar ya rikice, yana cara ƙarfe ɗaya, abin da ke ƙara kusanto shi da tukunyar ranar 25. Yara kuwa daga kan tabarma suke faɗin sauran lita nawa, ba sa kuskure.

Masu kare fitilar suna cewa ai ƙasar Zuru ta saba da amo, ga Uhola, bikin da Dakarkari ke yi bayan kaka, da kiɗa da rawa da kokawa. Hujjar ba ta zauna ba. Makaɗi mutum ne: yana gajiya, yana shan abin sha, barci yana kayar da shi, kuma in dattijo ya ce ya isa, ya isa. Dangantakar da ta fi ƙarfi tana wajen golmo. A da saurayi kan yi wa surukinsa noma har shekara bakwai kafin a ba shi mata. Yanzu akan ga mai neman aure a reshen mangwaro, igiyar wuta a haƙori, suruki tsohon soja yana ƙasa da sanda yana ba da umarni: "Kai yaro, hagu! Na ce hagu!" Shi kuma yana amsa "To, Baba" ta gefen baki. Waɗanda suka ɗanɗana biyun sun ce gara fartanya, ita ba ta jan mutum.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowace lita da ciwo ake sayenta, kuma mai kuɗi yana da ikon ƙona nasa yadda ya so. Abin da ba ya haɗiyuwa shi ne a ga yarinyar maƙwabta ta zo da wayar uwarta a sa mata caji, maigida ya leƙo ya ce, "Ki ce wa Mama ta yi haƙuri, injin ba zai ɗauka ba." Injin da ke ciyar da mangwaro da tanki da akurki har asuba, waya ɗaya ce za ta karya masa baya. Yarinyar ta juya cikin duhun lungu, bishiya tana yi mata waƙa.

Ba a sauke fitilun bayan biki. Ƙura ke kashe su ɗaya bayan ɗaya, koraye su fara tafiya, jajaye su bi, akwatin waƙar ya rage shi kaɗai yana tari har cikin Janairu. Kafin ruwan farko igiyar ta zama ta shanya, abin da ya gutsure kuma a ɗaure akuya da shi.