Babin Sayen Kyamara ga Sabon Shiga

Kyamarorin da ke ruɗa sabon shiga harkar hoto iri biyu ne, kuma daga nesa kamarsu ɗaya: baƙaƙe ne, masu tozo a ka da dogon baki, kowace da igiyar ratayawa mai ɗauke da sunan kamfani da manyan haruffa. Ta farko ita ce DSLR, wadda ake kwance mata gilashin gaba a ɗaura wani. Ta biyu ita ce wadda 'yan kasuwa ke kira birij, mai gilashi guda manne da jikinta har ƙarshen rayuwarta, amma mai zuƙo abin da ke nesa har ya zo gaban hanci. Wannan kamanni yana da amfani ƙwarai, domin a wurin biki ba wanda ke tambayar abin da ke cikin kyamara. Girmanta ake dubawa, a matsa wa mai ita hanya, a ajiye masa kujera da kwanon shinkafa.

Sha'awar sayen kyamara takan kama mutum ne a ɗaya daga cikin lokuta uku: idan an yi masa haihuwar fari, idan ya samu kujerar Makka, ko idan ya ga wani sa'ansa ya rataya tasa a ɗaurin aure. Na ukun ya fi tsanani, kuma ba ya jin magani. Alamarsa ta farko ita ce mutum ya fara raina wayar da ta shekara uku tana ɗaukar masa hotuna ba tare da ƙorafi ba.

Abin da birij ke farautar mai saye da shi lamba ce. A 2015 kamfanin Nikon ya fito da Coolpix P900 mai zuƙowa ninki 83, a 2018 ya biyo ta da P1000 mai ninki 125. Canon ma ya fito da PowerShot SX70 mai ninki 65. Ita kuwa DSLR ta masu koyo, irin Nikon D3500, gilashin da ake haɗo ta da shi mai milimita 18 zuwa 55 ne, wato ninki 3 kacal. Mutumin da ya tashi a kasuwa, ya san 125 ta fi 3, ba ya bukatar dogon wa'azi. Mai shago ma ya san haka. Yakan fito da shi bakin ƙofa, ya saita masa kyamarar a kan wani allon talla da ke can ƙarshen layi, ya ce, "Alhaji, karanta mini lambar wayar nan." Alhaji ya karanta, ya yi salati, ya laluba aljihu.

Abin da ba a nuna masa a bakin ƙofa shi ne sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto. Ta yawancin birij faɗinta bai wuce milimita 6 da 'yan kai ba, tsayinta 4 da rabi. Ta DSLR ɗin masu koyo kuwa milimita 23.5 ce da 15.6, wato ta ninka waccan wajen sau 13 a fili. Ƙanƙantar sensar ita ce sirrin doguwar zuƙowar, domin da babba ce, gilashin da zai yi wannan aiki sai an ɗauko shi a baro. Ita ce kuma aibinta. Da rana tsaka, a fili, birij ba ta da laifi. Da an yi sallar magariba, ko an shiga ɗakin amarya mai ƙwai ɗaya, sai hoto ya fito da tsaki-tsaki, fuskoki su narke, kwalliyar da aka biya kuɗi mai yawa a kanta ta koma dabbare. Daga nan ne ake fara zargin mai kwalliya, sannan masu wutar lantarki, sannan hassadar dangin ango.

Ga kuma batun rawar hannu. Duk yadda aka zuƙo abu, haka ake zuƙo kakkarwar mai riƙe da kyamarar. A ƙarshen zuƙowar P1000, numfashi kaɗai ya isa ya fitar da doki daga cikin hoto a hawan daushe, a samu hoton laima da rabin rawanin wani dogari. Maganin wannan shi ne sanda mai ƙafa uku, wadda sabon shiga ba ya saye, saboda a ganinsa ta masu hoton fasfo ce.

Duk da haka mai birij yana da dare ɗaya na ɗaukaka. Ran sha huɗu ga wata yakan hau soro, ya ɗauko farin wata har ana ganin ramukan da ke jikinsa, ya tura wa duk wanda ke da lambarsa. Daga ranar yake ɗaukar kansa masanin falaki, kuma idan azumi ya gabato yakan yi magana kamar Fadar Sarkin Musulmi na jiran rahotonsa. Bayan wata, abin da ya rage masa na ɗauka shi ne tantabarun maƙwabci da shanyar gidan da ba nasa ba, kuma wannan yakan ƙare a gaban mai unguwa. Masu amfani da birij na gaskiya suna nan: mai bin tsuntsayen da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, da mai zuwa Yankari neman giwa, wanda hankali ya nuna masa cewa giwa daga nesa ake gaishe ta.

Mai DSLR nasa ciwon daban ne. A cikin kyamararsa akwai madubi da ke tura abin da gilashi ya gani zuwa idon mai ɗauka, idan an danna sai madubin ya ɗaga da ƙara, ƙarar nan kuwa rabin kuɗin kyamarar ce. Tun da Canon ya fito da EOS 300D a 2003 a kan ƙasa da dala dubu ɗaya, irin wannan kyamara ta sauko daga hannun 'yan jarida zuwa wuyan kowa. Sayenta daidai yake da aure: kuɗin jikin kyamarar sadaki ne kawai, lefe da cefane suna gaba. Mako bai cika ba mai ita zai gane cewa gilashinsa ba ya kaiwa nesa, sai ya sayi mai milimita 70 zuwa 300. Zai ji an ce hoton mutum ba ya kyau sai bayansa ya dushe, sai ya sayi mai milimita 50. Sai fitila, sai batir na biyu, sai jaka mai aljihu goma sha. Uwargida, wadda aka gaya wa cewa saye ɗaya ne, takan fara lissafi a zuci, kuma lissafinta ya fi nasa daidai.

Bayan duk wannan kashe kuɗi, maɓallin da ke saman kyamarar yana nan a kan koren tambarin da ke cewa na'ura ta yi wa kanta hukunci. Sauran haruffan, M da A da S, ba a taɓa su, sai ranar da yaro ya murɗa, hotunan bikin suna gaba ɗaya suka fito baƙi ƙirin. Akwai kuma hunturu. Wanda ya kwance gilashi a fili cikin ƙurar Janairu ya gayyato ta har kan sensa, daga nan kowane hoto zai fito da ɗigo a wuri ɗaya, ko a sararin sama ko a goshin surukinsa. Birij, da yake ba a buɗe ta, wannan bai cika damunta ba.

Akwai inda zato ke ƙarya. Ana ɗauka birij ce mara nauyi, alhali P1000 ta kusa kilo ɗaya da rabi, fiye da ninki biyu na D3500 da gilashinta. A batir ma DSLR ce gaba: a ma'aunin masana'anta D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, P1000 kuwa 250. A unguwar da ake yi wa wuta guɗa idan ta zo, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Nauyin da ba a rubuta a kwali ba shi ne na dangi. Da zarar an ga mutum da babbar kyamara, ko wace iri ce, ya zama mai hoton zuri'a kyauta. Kamu nasa ne, suna nasa ne, saukar karatu da walima nasa ne. Gwaggo za ta ce, "Ɗan nan, ɗauke ni da kyau, ka rage mini shekaru." Kafin ya isa gida an kira shi sau bakwai a turo hotuna. Shi kuwa ba ya cikin ko ɗaya, har wata rana jikoki su yi zaton bai halarci bikin kowa ba.

Sai mashawarta. Kowane sabon shiga yana da aboki masani wanda bai taɓa wanke hoto ba, amma ya haddace lambobi. Shi ne zai bari sai an biya kuɗi, sannan ya ce ai DSLR ta zama tsohon yayi. Abin haushin shi ne yana da gaskiya. Panasonic ya fara fito da mai canjin gilashi marar madubi a 2008, Canon da Nikon suka rungumi tsarin sosai a 2018, kuma can suka mayar da ƙarfinsu. Sai dai wannan alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin DSLR na hannu da gilasanta sun yi araha. Sharaɗin kawai shi ne kada a yi cinikin biri a sama: a duba adadin hotunan da ta ɗauka, tunda ƙananan DSLR an auna su ne a kan wajen danni 100,000, a kuma haska gilashin a ga ko ya yi fumfuna.

Hukuncin ba shi da tsawo. Wanda abin ɗaukarsa ke nesa kuma da rana, tsuntsu ko doki ko wata, ba ya kuma son ɗawainiya, birij ta ishe shi. Wanda zai ɗauki mutane, cikin ɗaki ko da dare, kuma zai zauna ya koyi abin da haruffan nan ke nufi, ya nemi DSLR ta hannu da gilashi mai milimita 50. Wanda kuwa ratayawa kawai yake so, kowace ya saya daidai ne, domin bayan wata shida a saman sif za ta kwana, cikin jakarta, hotunan gidan kuma wayar uwargida ce za ta ci gaba da ɗaukarsu.